Rezin ya ƙi gam, ya ƙi fenti: neman shawara kan mayar da DAF 95XF mai aksil uku

Sabon Hannu:

Assalamu alaikum, manyanmu. Ina da kit (ƙaramin samfurin mota na filastik da ake harhaɗawa da hannu) na kan tirela DAF 95XF na kamfanin Italeri, ma'aunin 1/24, mai aksil biyu da taya shida. So nake in mayar da shi mai aksil uku, taya goma, irin waɗanda ke dakon kaya tsakanin Kano da Legas. Na sayi aksil biyu na baya da sifirin ɗinsu, da tankin mai, da babbar bamba, duk na rezin (wani ruwan sinadari da ake zubawa a mazubi ya daskare ya yi tauri), a wurin wani mai zubawa.

Ga inda na maƙale. Na sa gam ɗin Tamiya Extra Thin tsakanin sifirin da shasi, ya bushe, da na taɓa sai ya faɗo kamar ruwa na shafa. Bambar ta zo a karkace, gefe ɗaya ya ɗaga da kusan milimita 3. Tankin kuwa na fesa masa fenti, ya fito da ido-ido, da na ɗora tef na cire sai fentin ya biyo tef ɗin gaba ɗaya. Sannan ban san inda zan yanka shasin ba, ko nawa zan ƙara masa. Kuma saura taya huɗu da rim ɗinsu, don shida kawai ke cikin kwalin. A taimaka da bayani dalla-dalla, Allah ya saka da alheri.

Mai Zarto:

Wa alaikumus salam. Malam, uku daga cikin matsalolin nan tushensu ɗaya: ka riƙi rezin kamar filastik ɗin kit, alhali ba danginsu ɗaya ba.

Gam irin Tamiya Extra Thin ko Revell Contacta ba manna abu yake yi ba. Narka fuskar filastik yake, ɓangarorin biyu su cakuɗu, in ya bushe su zama abu guda. Rezin ba ya narkewa da shi, ko ka juye kwalbar duka. Abu biyu ne ke kama shi: sufa-gulu da gam mai haɗi biyu irin Araldite. Sufa-gulu na ƙananan kaya ne, madubi, fitila, murfin tanki. Duk abin da zai ɗauki nauyi, kamar sifirin da aksil, Araldite mai minti 5 za ka sa, don yana ba ka damar gyara zama kafin ya kama, kuma in motar ta bugu ba ya tsinkewa farat ɗaya yadda sufa-gulu ke yi. Kafin gam, ka goge fuskokin biyu da samfefa mai lamba 400 har ƙyallin ya tafi. Kuma kada ka dogara da gam shi kaɗai: ka huda rami mai faɗin milimita 0.8 a kowane gefe, zurfin milimita 3 zuwa 4, ka soka guntuwar wayar tagulla ta haɗa su. Da hannu za ka huda, kana murza bakin dirila a hankali. Injin huda yana da sauri, zafinsa ya kan narka filastik, ya kuma tsaga rezin.

Amma tun kafin wannan, wanka. Mai zubawa ya kan shafa wa mazubinsa wani mai don kayan su fita ba gardama, silikon ɗin da aka yi mazubin da shi ma yana fitar da maiƙo. Shi ne ya hana fentinka zama. Ka jiƙa kayan cikin ruwa mai ɗumi da sabulun wanke kwanuka na ruwa, minti 20 zuwa 30, ka dirje da tsohon buroshin haƙori har cikin lunguna, ka ɗauraye, ka bar su su bushe da kansu. Gwajinsa mai sauƙi ne: ɗiga ruwa a kai. In ya baje, ya wanku. In ya dunƙule kamar raɓa a ganyen gwaza, da saura, a sake.

Bamba. Ka haɗa tafasasshen ruwa da ruwan famfo rabi da rabi, zai ba ka zafi kusan digiri 65. Tsoma ta daƙiƙa 30 zuwa minti ɗaya gwargwadon kaurinta, za ka ji ta yi laushi kamar ƙirgin da aka jiƙa. Ɗora ta a kan gilashi, danne ta miƙe, ka ɗan zarce kaɗan don za ta so komawa, sannan ka tsoma ta ruwan sanyi tana riƙe a hannunka. In ba ta gama miƙewa ba, ka maimaita sau biyu ko uku, ya fi ka tanƙwara ta da ƙarfi lokaci guda. Kada ka gwada lanƙwasa ta a sanyi, karyewa za ta yi. Na'urar busar da gashi ma tana yi, sai dai zafinta ba ya shiga ko'ina daidai, baki ya yi laushi ciki na nan da tauri.

Sai shasi, wanda shi ne ainihin aikin. A ma'aunin 1/24, mita ɗaya ta motar gaske milimita 41.7 ce. Tazarar aksil biyu na baya a manyan motocin Turai ta kan kama daga milimita 1,350 zuwa 1,400, wato 56 zuwa 58 a wurinka. Amma sifirin ɗin da ka saya shi zai yanke hukunci, ka auna shi da kalifa, wato ma'aunin nan mai baki biyu na makanikai. Kuskuren da aka fi yi shi ne a bar aksil ɗin kit inda yake, a ƙara wani a bayansa. Sai motar ta yi tsawo kamar tifa. A kan tirela mai aksil uku, galibi aksil na biyu ya fi matsowa gaba fiye da na mai aksil biyu, shi ya sa tankin mai da akwatin batir suke matsuwa wuri ɗaya. Mafi alheri ka je inda tireloli ke yada zango, irin Tafa ko Mararrabar Jos, ka nemi izinin direba, ka ɗauki hoton gefen motar daga nesa kana daidai tsakiyarta, ka kuma sa tef ɗin awo daga cibiyar taya zuwa cibiyar taya. Kowace lamba ka raba ta da 24.

Wajen yanka, kada ka datse ƙarafan shasin biyu a wuri ɗaya. Na dama ka yanka shi nan, na hagu ka matsa milimita 15 zuwa 20, don kada raunin ya taru a layi guda. Ka zaɓi inda shasin ya miƙe santal, bayan inda yake buɗewa wajen injin. Abin ƙari ka yi shi da sandunan filastik na kamfanin Evergreen ko ragowar shasin wani kit, a nan gam ɗinka na Tamiya zai yi aikinsa, tunda filastik ne da filastik. Ta ciki ka manna faci mai kaurin milimita 0.5 wanda ya haura mahaɗar da milimita 10 kowane gefe. Motocin gaske ma in an ƙara musu shasi haka ake musu faci, saboda haka ko ya fito ba aibi ba ne.

Duk wannan a kan gilashi za ka yi shi, da takarda a ƙarƙashi wadda ka zana layin tsakiya da layukan aksil uku a kanta. Ka kifa shasin, ka danne da wani abu mai nauyi, ka auna kusurwa zuwa kusurwa ta ɓangarorin biyu. In sun bambanta da fiye da rabin milimita, shasin ya bauɗe, ka gyara kafin gam ya kama. Ka bar shi awa 24. Ranar da za ka manna sifirin, ka sa duk tayoyin goma ba tare da gam ba, ka ajiye motar a gilashi, ka zura siririyar takarda ƙarƙashin kowace taya. Wadda takarda ta wuce ƙarƙashinta a sama take. Mota mai taya shida tana ɓoye wannan laifin, mai goma ba ta ɓoyewa.

Kada ka manta ɗan guntun farfela da ke tsakanin aksil biyun, da rage tsawon babban farfela. Faifan da tirela ke hawa kuma ya zauna ɗan gaba kaɗan da tsakiyar aksil biyun.

Wajen cire ragowar zubi daga jikin kaya, siririn zarto za ka sa, ba filaya ba. Filaya na matsa rezin ya fashe ta inda ba ka so. Ƙurarsa kuma ba ta yi wa huhu kyau: samfefa a jiƙe, takunkumi a hanci, a goge tebur da jiƙaƙƙen tsumma.

Mai Fenti:

Malam Mai Zarto ya gama magana a kan wanka, sai dai akwai rezin da sabulu kaɗai ba ya isarsa. In bayan wanki biyu ruwa na dunƙulewa, ka goge shi da auduga da sifirit, shafa ɗaya ka bari ya bushe. Kada ka jiƙa shi a ciki, wani rezin ɗin laushi yake yi.

Tankin nan da fenti ya riga ya hau, sai ka kankare shi tas. Bayan wanka ka bi shi da samfefa 600, don fenti ba ya narka fuskar rezin ya kama kamar yadda yake yi wa filastik, sai dai ya riƙe 'yan ƙananan zane-zanen da samfefa ta bari. Sannan faraima, wato shafin farko da ke riƙe fenti, ba a tsallake ta. Tamiya Fine Surface Primer ko Mr. Surfacer 1000 sun isa. Faraimar masu fentin mota ma tana kama rezin sosai, amma tinarta na da zafi, in ka jiƙa filastik ɗin kit da ita fuskarsa za ta yi yaushi kamar fatar lemo. Shafi na farko ya zama hazo-hazo daga nisan santimita 20 zuwa 25, jira minti 10, sake wani hazon, na uku ne zai rufe. Bayan kwana ɗaya ka manna tef a wani ɓoyayyen wuri ka fizge. In faraima ta tsaya, ci gaba.

Faraima ce za ta tona maka ƙananan ramuka irin na bakin allura, waɗanda kumfar iska ta bari. Fenti ba ya cika su, zagaye bakinsu yake ya bar ramin. Ka faɗaɗa kowanne da bakin dirila 0.5 ko tsinin wuƙa, sannan ka cika. Mutane da yawa na son sufa-gulu da bekin soda don yana daskarewa nan take. Ni dai ba na ba da shawararsa a kan tanki: ya fi rezin ɗin tauri, kana goga sai gefe ya cinye shi ya tsaya kamar ƙurji, kuma a wuri mai laima ya kan fitar da farin gari ta ƙarƙashin fenti daga baya. Milliput, wani ƙullin cike rami mai haɗi biyu, ya fi, ana lailaye shi da jiƙaƙƙen yatsa, washegari a goge. Ƙananan ramuka sosai, ɗigon Mr. Surfacer 500 da tsinken sakace ya wadatar.

Gilasan kan motar da fitilu kada sufa-gulu ya kusance su. Hayaƙinsa na barin farin hazo, musamman inda yatsa ya taɓa. Farin gam na kafintoci za ka sa, yana bushewa garau.

A kan lokaci: da hunturu fenti na bushewa da wuri amma ƙura ce abokiyar gaba. Ka yayyafa ruwa a ƙasan ɗaki, kana gama feshi ka kifa roba mai murfi a kan aikin. Da damina kuwa laima ke sa fenti ya yi fari-fari, a jira hantsi ya ɗaga. Shanya a rana don ya bushe da sauri haramun ne a wannan sana'a. Bambar da aka sha wahala aka miƙe, wuni ɗaya a zafin ranar Afrilu ya ishe ta komawa gidan jiya.

Sabon Hannu:

Na gode ƙwarai, malamai. Na wanke, ruwa ya baje, bambar ma ta miƙe a tsomi na biyu. Sifirin ɗin tazararsa milimita 57. Saura batun taya. Na ga ana sayar da na motocin Amurka na 1/25 da araha, za su shiga? Ko in gwada zuba nawa?

Mai Mazubi:

Ɗan'uwa, bar na 1/25. Bambancin kashi 4 cikin ɗari ne, a takarda kamar ba komai, amma lissafa. Taya 315/80R22.5 tsayinta kusan milimita 1,076. A 1/24 ta zama 44.8, a 1/25 ta zama 43. Kusan milimita 2 ke nan, a jere da juna ido zai gani, kuma aksil ɗaya zai rataye. Ga shi rim ɗin Amurka zanensa daban, da'irar notinsa ta fi ta Turai ƙanƙanta duk da cewa duka goma-goma ne. Hanya mafi sauƙi ita ce samun wani kit na Italeri da ya lalace ka ciri tayoyinsa. In babu, zuba naka, don amfanin kanka. Kwafar kayan wani mai zubawa a sayar cin haƙƙi ne, yawancinsu mutum ɗaya ne a ɗan shagonsa.

Ga yadda ake yi. Silikon iri biyu ne, mai daskarewa da sinadarin kuza da mai daskarewa da filatinam. Ɗauki na kuza. Na filatinam shagwaɓaɓɓe ne: yumɓu mai farar wuta, wasu robobin taya, da rezin ɗin injin ɗab'i na 3D duk suna hana shi daskarewa, ka buɗe ka tarar da fuskar mazubi na danƙo. OOMOO 30 na kamfanin Smooth-On, wanda na kuza ne, ana haɗa shi ɗaya da ɗaya a awo, yana ba ka minti 30 na aiki, ya daskare cikin awa 6. Mold Max 30 ya fi shi juriyar yagewa, amma sai da sikeli, kashi 100 da kashi 10 a nauyi, kuma sai ya kwana ya wuni.

Tayar kit roba ce mai rami a ciki, ka cika ramin da Milliput don kada ta lotse. Gina akwati da bulon wasan yara na LEGO, ka bar milimita 10 tsakanin taya da bango ta ko'ina, wato ciki ya kai 65 da 65, zurfi 33. Zai ci silikon kusan mililita 125. Nutsa rabin tayar a kwance cikin yumɓun roba, ka danna ramuka huɗu a kusurwoyi da gindin fensir don ɓari biyun su riƙa komawa mazauninsu. Zuba silikon siriri kamar zare daga sama, a kusurwa ɗaya, ka bar shi ya malala da kansa. Kafin nan ka shafa kaɗan da buroshi cikin zanen tayar, nan ne iska ke ɓuya. In ya daskare, juya, cire yumɓu, shafa basilin siriri a kan silikon ɗin, sannan zuba ɓari na biyu. Wanda ya manta basilin zai samu dunƙule ɗaya da taya a kabari, don silikon na kama silikon. Ka yanka hanyar zubi ɗaya mai faɗin milimita 4 da hanyar iska ɗaya siririya, duka a wurin da zai zama ƙasan taya. Rim a yi masa nasa mazubin daban.

Taya ɗaya na cin rezin kusan mililita 14, kuma rezin kwalba biyu yake zuwa, A da B, saboda haka ja mililita 8 na A da 8 na B, kowanne da sirinjinsa. Rezin ɗin Smooth-Cast 300 minti 3 kawai yake bayarwa kafin ya fara daskarewa, 305 minti 7. Waɗannan lambobin a ɗaki mai digiri 23 aka auna su. A zafinmu na bazara sai ka ga lokacin ya ragu da rabi, kana cikin juyawa kofi ya ɗau zafi ya yi fari. Ɗauki mai jinkirin, ka yi zubi da asuba. Kada ka sa kwalaben a firiji, in ka fito da su za su yi gumi.

Ruwa shi ne babban makashin wannan rezin. Ɓangaren A in ya haɗu da laima iska yake fitarwa, sai kayan su fito kamar soso. Don haka kofi na roba, abin juyawa na roba ko ƙarfe, ba tsinken itace ba, ba kofin takarda ba. Rufe kwalba da zarar ka ɗiba. A nan muna da sa'a a kan Turawa: busasshiyar iskar hunturu da ke ɓata wa Malam Mai Fenti rai ita ce lokacin zubi mafi kyau. A watan Agusta kuwa kwalbar da aka buɗe ba ta daɗewa.

Barbaɗa hodar jarirai mai talk cikin mazubi ka kakkaɓe, tana jan rezin zuwa lunguna. Ɗaure ɓari biyun da kyauro tsakanin katako biyu, ba da ƙarfi ba, in ka matse taya za ta fito kamar ƙwai. Tura rezin da sirinji har ya leƙo ta hanyar iska, ka ɗan matsa mazubin ka ƙwanƙwasa. Masu tukunyar matsi na sa shi a 40 zuwa 60 psi kumfa ta ɓace, amma don taya huɗu ba sai ka saya ba. Sa ran biyu na farko za su lalace. In kaya ya fito yana naso ko danƙo bayan kwana ɗaya, awon ne bai daidaita ba ko juyin bai isa ba. Ba ya gyaruwa, fenti ba zai taɓa bushewa a kansa ba, a zubar.

Kwafi ya kan ɗan fi na asali ƙanƙanta. Dabara ita ce ka zuba takwas, duk na baya su zama iri ɗaya, ka bar na roba biyu a gaba.

Mai Zarto:

In ka bi ta takwas ɗin, lura da nauyi. Kowace taya kusan giram 15 ce, takwas sun kai 120, ban da rim da tanki. Ba ƙasa za su danne ba, sai ranar da ka ɗaga motar ta tsakiya su ja sifirin. Ka huda kowane aksil na rezin daga baki zuwa baki, ka zura sandar tagulla mai milimita 2, ita za ta ɗauki rim. Huda daga kowane gefe zuwa tsakiya, in ka bi ta gefe ɗaya bakin dirila zai kauce ya fito ta ciki. Rezin siriri da ke ɗauke da nauyi yana sunkuyawa a hankali ko ba a taɓa shi ba, bare a ɗaki mai rufin kwano.

Tayoyin roba biyun na gaba kuma, man da ke sa su laushi yana cin filastik ɗin da ba a fenta ba, bayan shekara ɗaya ko biyu bakin rim ya narke kamar an ɗiga masa tina. Ka fenta rim ɗin har inda taya ke zama, ko ka naɗa masa siririn foyil. Ƙasan tayoyin rezin ka goga su a samfefa 240 da aka shimfiɗa a gilashi, ka cire rabin milimita, daidai inda tabon zubi yake. Amma ka yi wannan kafin gwajin takarda, kuma na gaba ma ka rage musu daidai haka, in ba haka ba hancin motar zai ɗaga.